GWANGWANIN IRIN ALBASA

Shafi na 27

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Domin wanda ya riske mu a tsakiyar tafiya, ga mutanen da wannan shafi ya ƙunsa:

Malam Dalhatu, manomin rani a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, wanda aka sani da iya auna maganin feshi.
Adama, matarsa, shekara talatin da takwas suna tare. Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon daji na mama.
Khaulat, autarsu, tana aure a Dawakin Kudu, ta dawo gida jinyar mahaifiyarta.
Likita Saliha, mai duba Adama a wani asibiti a birni.
Isiyaku, maƙwabcin gonar Malam Dalhatu, wanda sunansa kawai za a ji.

*

Laraba ce ranar ruwan layinsu. Tun da aka idar da sallar azahar Malam Dalhatu yake tsugune a bakin magudana, ya jera bututun roba guda biyar, kowanne yana zuƙo ruwa yana zubawa a cikin fangali. Ruwa yana tafiya, amma hankalinsa ba ya wurin. Fangalin farko ya cika har ya fasa kunya, bai gani ba.

Maganar da Likita Saliha ta yi musu ranar Litinin ita ce ta hana shi sakat. An yi tiyata an cire nonon. An yi ƙarin ruwan nan mai zubar da sumar kai. An yi wata uku ana jiran na'urar gasa ciwo tana lalace. Daga ƙarshe aka ɗora Adama a kan ƙwayoyi, mako biyu tana sha, mako guda ta huta. Ga shi sabon hoto ya nuna ciwon ya taɓa hanta.

"Ga alama maganin bai karɓe ta ba," haka likitar ta ce. "Ku dawo ranar Alhamis. Idan na tabbatar da haka, za mu tsayar da shi. Ba zan ɓoye muku ba, shi ne na ƙarshe da muke da shi a hannu. Abin da zai rage sai maganin rage raɗaɗi, da kulawa a gida."

Gobe ce Alhamis ɗin.

"Baba."

Ya ɗaga kai. Khaulat ce a tsaye a kan gaɓar magudana, ba ta yi sallama ba, takalminta ya cika da laka. A hannunta akwai wani jan gwangwani mai hoton albasa a jiki.

Yana ganinsa ya gane shi.

"Wa kika bari da Innarki?"

"Tana zaune, tana tsintar shinkafa. Baba, mene ne wannan?"

"Gwangwanin iri ne, kina gani."

"Baba Isiyaku ne ya zo neman ragowar irin albasa, ya ce kun yi magana. Na hau kujera na lalubo shi a saman buhunan taki. Na girgiza, na ji ba ƙarar iri ba ce."

Ta buɗe murfin, ta karkato masa. Ƙwayoyi ne masu launin ƙasa-ƙasa, sun kusa kai rabin gwangwanin.

"Ɗari da sittin da takwas. Sau biyu na ƙirga. Baba, maganin Inna ne."

Ya miƙa hannu ya zare bututu guda daga ruwa, ya ajiye a gefe. Ya zare na biyu. Ba don ya gama ban-ruwa ba, sai don ya sami abin da zai sa wa ido.

"Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba. Duk zuwan da muka yi asibiti, kai kake miƙa wa ma'aikaciyar jinya ledojin maganin babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Har yabonka take yi, tana cewa da duk maza haka suke. Ashe ɓarewa kake kana zubawa a nan?"

"Huɗu aka ce da safe, huɗu da yamma. Ina ba ta biyu da safe, biyu da yamma."

"Tun yaushe?"

"Tun zagaye na biyu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mako tara ke nan, Baba!"

"Ba kya nan a zagayen farko," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kina can kina jego. Ba ki ga tafin hannunta ba. Ya yi ja, ya kumbura, fata tana saluɓewa kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Carbi ya gagare ta riƙewa. Tafin ƙafarta ya tsattsage, da gwiwa take zuwa bayan gida. Bakinta duk gyambo, ko koko ta kurɓa sai ta yi hawaye. Sau ɗaya ba ta ce wayyo ba. Wannan shirun nata ne ya fi ci mini rai."

"Sai ka gaya wa likita!"

"Likita ta ce kada a tsallake ko ɗaya. Na ji tsoron in na yi ƙorafi ta ce mun gaza, ta cire mu."

"Shi ne ka zama likitan da kanka?"

Can nesa wani yana tayar da injin ban-ruwa, yana tari yana mutuwa.

"Auta, shekara talatin ina goya tankin feshi a bayana. Daga nan har Garun Mallam, wanda shukarsa ta rikice ni yake nema. Shekarar da Isiyaku ya zuba murfi huɗu na maganin ciyawa a tanki guda, ciyawar ta mutu, shinkafar ma ta bi ta. Ni na ce masa, in ka ga bakin ganye ya fara ƙuna, rage murfi. Rabi ma yana kashe ciyawa, sai dai ya ɗauki lokaci. Ban taɓa faɗin haka ya zama ƙarya ba. Da na ga hannun Innarki, ƙunar nan na gani. Na ce rabi zai yi aiki a hankali."

"Inna ba shinkafa ba ce, Baba."

"Ranar Litinin na san haka."

Khaulat ta durƙushe a kan gaɓar, ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta. Bai lallashe ta ba. Bai ga da wane baki zai yi ba.

Da kukan ya lafa ta ce, "To me ya sa ka adana su? Me ya sa ba ka zubar ba?"

"A ina? A magudana? Shanun Fulani suna sha a ƙasa, yara suna wanka. Ko kwalbar feshi ban taɓa jefawa a ruwan nan ba. Kuma ina cewa in ta yi ƙarfi sai in mayar mata da su cikakku. Kullum ina cewa mako mai zuwa."

Ta share fuska, ta miƙe.

"Baba, ka ji abin da likita ta ce. Tana zaton Inna ta sha duka bai yi aiki ba, shi ya sa za ta tsayar. Idan ta ga gwangwanin nan, wataƙila ta sake gwadawa. Gobe sai ka faɗa."

"Zan faɗa. Amma akwai wadda ya kamata ta fara ji."

Ya tattara bututun, ya bar fangali uku a bushe. Sai wata Larabar kuma ruwa zai dawo layinsu, ya sani. Bai waiwaya ba.

*

Sun tarar da Adama a ƙarƙashin rumfa, ta jingina da bango, faifai a cinya. Ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa, fararen idanunta sun soma yin rawaya. Amma yatsunta suna tafiya a cikin shinkafar da sauri, tana fidda tsakuwa tana jefa wa kaji.

"A'a, Malam, har an gama? Ko kuwa yau ma ka bar wa Isiyaku rabonka na ruwa, don a ce kana da kirki?"

Bai yi dariya ba. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye gwangwanin a gabanta. Ya faɗa mata kome, tun daga farko, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Daga ƙarshe ya ce:

"Na ce miki likita ce ta rage. Ƙarya na yi miki, Adama. Ni na rage. In ciwon nan ya kai hanta, da hannuna na buɗe masa hanya. Ki yafe mini, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Adama ta ci gaba da tsinta. Ta fidda tsakuwa guda, ta duba ta, ta jefar.

"A saman buhunan taki kake ajiye shi, ko? Bayan tsohuwar garma."

Ya dube ta.

"Malam, ban yi boko ba, amma na iya ƙirga huɗu. Ranar da aka fara ba mu maganin, kana can wajen karɓa, ma'aikaciyar nan ta ɗaga mini yatsu huɗu har sau uku. Ta ce, Mama, ko me aka yi kada ya gaza haka sai likita ta faɗa da bakinta. Kuma ba ka iya ƙarya ba. Duk sanda za ka yi, sai ka sosa ƙeya. Ranar nan sai da na ji tsoron za ka yi wa kanka rauni."

Khaulat ta dafe ƙirji. "Inna! Kin sani kika yi shiru?"

"Na sani."

"Mako tara?"

"Mako tara mafi daɗi a cikin shekara biyun nan." Ta ɗaga hannuwanta biyu, ta juya su a gaban fuskarsu. "Ku duba. Da waɗannan na yi wa ɗanki wanka, Auta. Da ƙafafuna na tsaya na yi sallar Idi. Na dama wa ubanki fura, ya ce ta yi tsami, na ce ya je ya auro mai damawa. Da ƙwaya huɗu, da ina kwance ana juya ni kamar buhu."

"Da wataƙila ciwon bai kai hanta ba," in ji Malam Dalhatu.

"Wataƙila. Shekara biyu muna cin wataƙila a gidan nan, Malam. Da za a yanke nono, wataƙila. Da za a yi ƙarin ruwa, wataƙila. Na ba su nono, na ba su gashin kaina, na ba su haƙora biyu. Hannun nan ne kawai ya dawo mini, kuma kai ka dawo da shi. Na ɗauka ka fahimce ni ne ba tare da na faɗa ba. Har godiya nake maka a zuci."

Wannan maganar ta fi zagi zafi a gare shi. Ya sunkuyar da kai.

"Ban fahimce ki ba. Ni so nake ki warke. Kuskuren awo na yi."

"To kuskuren ya yi mini. Yanzu ka saurara, abu ɗaya zan roƙe ka. Gobe likita za ta tambaya ko na sha duka. Ni zan amsa. Ba na ce ka yi ƙarya ba, na san ƙeyarka ba za ta jure ba. Shiru kawai za ka yi."

"Adama..."

"Ta rubuta bai yi aiki ba, ta sallame mu. In dawo ɗakina. In ga an dasa albasar bana. In Allah Ya ja kwana in ga an cire ta, to. In bai ja ba, a ɗauke ni daga nan, da fata a tafin hannuna."

"Wallahi ni zan faɗa!" in ji Khaulat. "In Baba bai faɗa ba ni zan faɗa!"

Adama ta juyo gare ta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke za ki zauna a gida da jaririnki. In kuwa kika kira likitar nan a waya, ko kika aika, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Guda ɗaya ya rage, amma da biyun na shayar da ke."

Khaulat ta tashi da gudu ta faɗa ɗaki. Kukanta ya tashi jaririn, suka haɗu.

Suka rage su biyu. Kaji suna ta tsattsagar tsakuwa suna yarwa.

"Ka yi mini alkawari, Malam."

"In aka mayar da ke kan huɗu, zan ɗauke ki a bayana zuwa duk inda za ki. Zan ba ki abinci a baki. Zan ja miki carbin, ke dai ki motsa leɓe."

"Na san za ka yi. Ka yi a baya. Shi ne abin da ba na so in sake gani: tsoho yana wanke mini zani a ɓoye don kada maƙwabta su gani. Ka yi mini alkawari."

"Idan na yi shiru, na kashe ki sau biyu."

"Ba kai ke kashewa ba, kada ka ɗaukar wa kanka aikin da ba naka ba. Shekara talatin da takwas, me na taɓa roƙonka? Ko atamfa ban taɓa cewa ka sayo ba sai ka ga dama."

Sai ga kiran sallar magariba daga masallacin bakin hanya. Ya miƙe da sauri kamar wanda aka kwance, ya ɗauki buta.

"Malam."

"Lokaci ya yi."

"Bar gwangwanin a nan."

Ya tsaya, bayansa gare ta. Sa'an nan ya sunkuya, ya ɗauke shi, ya zura a aljihun rigarsa, ya fita.

*

Washegari, tun daga Kura har birni ba su yi magana ba. A cikin motar haya ya tare ta da kafaɗa don kada a matse mata gefen da aka yi aiki, ita kuwa ta zuba wa gonaki ido ta taga. Duk ramin da motar ta faɗa, sai gwangwanin ya yi ƙara a aljihunsa. Ya dafe shi da hannu. Ya san ta ji.

A wajen yankar kati, sabon ma'aikaci ya tambayi Adama sunan mijinta. Ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta bar shi ya faɗa da kansa. Tun ranar da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa.

Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya layi ya zo kansu.

Likita Saliha ta gaishe su da ladabi, ta jawo wa Adama kujera da kanta. Ta duba idanunta, ta danna cikinta a hankali, ta koma ta zauna. Sai ta kama hannun Adama, ta juya tafin, ta daɗe tana kallo.

"Mama, hannunki ya yi kyau ƙwarai."

"Alhamdu lillahi."

"Ya yi kyau fiye da yadda na zata." Ta saki hannun, ta buɗe fayil, ta cire murfin alƙalami. "Kafin in rubuta abin da zan rubuta, dole in yi tambaya ɗaya, domin daga kanta babu komawa. Maganin nan, an sha shi duka kamar yadda na ce? Huɗu da safe, huɗu da yamma, ba tsallake?"

"Na sha," in ji Adama. "Duka."

A ƙarƙashin tebur, hannunta ya lalubo nasa, ya riƙe. Tafin yana da laushi, da ɗumi, irin na shekarun baya. Ta matsa sau ɗaya. Roƙo ne, ya gane.

"Baba, kai ne mai ba ta. Haka ne?"

Malam Dalhatu ya dubi bakin alƙalamin, ya kusa taɓa takarda. Ya tuna da ita tana rarrafe a tsakar gida, tana cije leɓe. Ya tuna da ita ranar Idi, a tsaye cikin sahu. Ya ga ɗakinta a buɗe, tabarma a naɗe, faifai a rataye babu mai saukewa. Kowanne ya duba, babu wanda zai iya ɗauka.

Hannunsa na dama yana cikin nata. Da na hagu ya zaro gwangwanin, ya ɗora a kan tebur.

Likita ta buɗe. Ta dubi ciki, ta dube shi, ta mayar da murfin alƙalaminta.

"Rabi?"

"Rabi. Tun zagaye na biyu. Ni ne, ba ita ba. Hannunta ne ya saluɓe."

Likita ta cire tabarau, ta murza idanu. Da ta yi magana, babu faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

"Baba, da kun gaya mini, da ni da kaina na dakatar na ɗan lokaci, na rage da awo, na ba da abin shafawa. Muna yin haka kullum. Ba a korar kowa don ya ce yana jin zafi."

Ya ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin kujerarsa.

"Da ta sha duka, da bai kai hanta ba?"

"Ban sani ba. Babu wanda zai iya gaya maka, yau ko gobe. Kada ka nemi amsar nan a wurina, ba ni da ita." Ta juya ga Adama. "Mama, yanzu magana ta canza. Ba zan ce maganin ya gaza ba, tunda ba a gwada shi sosai ba. Idan gwajin jini ya nuna hantar za ta ɗauka, za mu iya sake farawa. Ba warkewa nake miki alkawari ba, wataƙila ƙarin lokaci. Hannu da ƙafa kuma suna iya sake yin ciwo, ko da mun kula. Jikinki ne. Ba Baba zan tambaya ba, ke nake tambaya. Za ki sha?"

A waje ana kiran lamba ta gaba.

Adama ba ta dubi likita ba. Ta juyo ta dubi mijinta, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Babu hawaye a fuskarta. Sai a lokacin ya lura ashe ta daɗe da sakin hannunsa, shi ne yake riƙe da nata, ya damƙe da ƙarfi.

"Dalhatu," ta ce.

Sunan ya fito daga bakinta baƙo, kamar na wani mutum dabam.

"Sakar mini hannu. Zan ba likita amsa."

*

A nan alƙalami ya tsaya. Da girma na koyi rubutu, hannuna bai gama faɗawa ba. Wanda ya ga harafi ya kauce, ko na yi kuskure a kan abin da ya shafi asibiti da magani, ya gyara mini a ƙasa don Allah, zan karɓa da godiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu jinyarsu.